Wuta Biyu a Ɗakin Jego

A Bungudu, in kana son sanin darajar namiji a idon mata, ba sai ka leƙa rumbunsa ba. Jira za ka yi cikin matarsa ya kai wata bakwai, sannan ka bi ta ƙofar gidansa ka dubi tulin itacen da ya tara. Mai jego da tafasasshen ruwa take wanka safe da yamma har kwana arba'in, in ta fito kuma ta kwanta a gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi, don kada sanyi ya shige ta. Duk wannan itace yake ci, nemansa kuwa a wuyan miji yake. Tsofaffin matan unguwa, da aikin ido ba ya gajiyar da su, kowane tuli sai sun auna shi sun yanke masa hukunci a bakin rijiya.

Sabiru magini ya taɓa jin kunya a wannan awo, kuma abin bai taɓa sakin zuciyarsa ba. Shekara shida da suka wuce matarsa ta farko, Lami, ta haihu a tsakiyar damina. Ana kwana goma sha tara itace ya ƙare, wanda ya samo kuma jiƙaƙƙe ne, aka yi kwana biyu ana yi mata wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ta fara da ciwon kai, ƙafafu suka kumbura, kafin mako ya zagayo ta rasu, jaririyar ta bi ta. Babu wanda ya gaya masa magana a fuska. Amma ya ji ana cewa sanyi ne ya shige ta, kuma ya san abin da maganar take nufi a bakin mutanen da suka ga tulinsa.

Saboda haka da matarsa ta yanzu, Ruƙayyatu 'yar Nahuce, ta samu ciki, murnar Sabiru ba ta kai tsoronsa ba. Yana son yarinyar nan so mai tsanani, irin wanda namiji yake jin kunyar a gane. Da ya lissafa watanni ya ga haihuwar za ta faɗo a tsakiyar damina, sai abinci ya daina yi masa daɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Tun cikin yana wata huɗu ya fara tara itace, marke da ƙirya da farar ƙaya, har tulin ya wuce tsayin danga. Mata suka auna suka ce ya isa jego biyu. Shi dai bai ga ya isa ba, don ya san ruwan sama ba ruwansa da girman tuli.

A shekarar ne aikin layin dogo ya iso Tsafe yana neman Gusau, Sabiru kuwa can ya ci rani yana gini a sansanin ma'aikata. Akwai wani kuku da yake yi wa wani Bature girki, Sabiru ya gina masa murhun gasa burodi mai kyau. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar wa kukun tsohon risho, kukun kuma ya ba Sabiru tukuici. Ɗan murhu ne na farin ƙarfe da tagulla, mai ƙafa uku da tulun mai a gindi. A zuba kananzir, a buga masa iska da ɗan famfo, sai wuta shuɗiya ta tashi tana huci. Ba hayaƙi, ba toka, kuma ko sama za ta tsage da ruwa babu abin da ya shafe ta. Sabiru ya tsuguna yana kallon wutar nan ya ji kamar an sauke masa kaya daga kai. A hanyar komowa ya tsaya kanti a Gusau ya sayi garwar kananzir guda, ya ɗaure wa jaki har gida.

Daga nan sai maginin ya tashi. Ɗakin ciyawa bai yi masa ba, ai iska tana ratsa jinka yadda ta ga dama. Ya gina wa Ruƙayyatu soro mai kaurin bango, ya rufe da azara, ya yaɓe ciki da waje, ya bar taga ɗaya ƙarama can sama. Ya sa aka sassaƙa ƙyaure wanda in an rufe ko ƙadangare ba ya samun hanya. Gadon ƙasar kuwa baki biyu ya yi masa. Na dama na garwashin itace, yadda kaka da kakanni suke yi. Na hagu ya faɗaɗa shi daidai zaman risho, ya ɗora faifan ƙarfe a sama don zafi ya bi jikin gadon. Dabararsa ita ce in garwashi ya fara mutuwa mai ya karɓa, in itace ya jiƙe mai ya riƙe gadon, ta yadda ba za a taɓa samun lokacin da bayan matarsa zai taɓa wuri mai sanyi ba. In gaskiya za a faɗa aikin ya yi kyau, har magina 'yan'uwansa suka riƙa zuwa kallo.

Haihuwar fari ce, bisa al'ada gidan iyayenta ya kamata ta tafi wanka. Sabiru ya taka har Nahuce ya durƙusa gaban mahaifinta, Malam Sahabi, ya roƙi a bar ta a ɗakinta. Tsohon ya so ya ƙi, don ba a saba ba. Amma labarin tulin itace da na soron sun riga sun iso masa, kuma ya san ɗakunan gidansa suna yoyo. Ya yarda, bisa sharaɗin ƙanwarsa Dije ta je ta zauna da ita.

Gwaggo Dije mace ce da ta yi wa mata fiye da talatin wankan jego, kuma ba ta bari a manta. Ranar da ta iso ta zagaya ɗakin tana ƙwanƙwasa bango, har ta zo bakin gadon na hagu ta tsaya.

"Wanga abu hwa, mine na?" in ji ta.

Sabiru ya sunkuyar da kai yadda suruki yake yi. "Murhu na, Gwaggo. Kananzir shika sha, ba icce ba. Ba shi hayaƙi ko kaɗan."

"Wutad da ba ta hayaƙi ina tac cika wuta? Ni dai hannuna ba shi taɓa kayan Nasara. Kai kak kawo shi, kai ka kunna abinka."

Haka aka raba aiki. Ita ce mai tukunya da ganye da kunun kanwa, shi ne mai wuta.

Ruƙayyatu ta sauka lafiya, ta sami ɗa namiji, ranar suna aka raɗa masa Abdulsalami. Makon farko komai ya tafi daidai. Itace busasshe ne, garwashi jajir, ƙofa a buɗe saboda 'yan barka masu shiga da fita. Rishon ma sau biyu kawai aka kunna shi, shi ma don mata sun matsa sai sun gani.

Kwana ɗaya bayan suna marka ta sauka. Irin ruwan nan ne da ba ya tsawa ba ya gaggawa, sai dai ya wuni yana zuba ya kwana yana zuba, har gari ya manta kamannin rana. Zanar da aka rufe tulin itace da ita ta jiƙe ta fara ɗiga. Wutar tukunya ta koma hayaƙi da hawaye, garwashin da ake samu kuma rabi ja rabi baƙi. Sabiru ya ce ga ranar da ya yi wa tanadi. Ya zuba garwashin a bakin dama, ya kunna risho a na hagu, ya jawo ƙyaure ya rufe.

Da yamma Ruƙayyatu ta ce kanta yana sarawa.

Ba za ka san abin da kalmar nan ta yi wa Sabiru ba sai in ka taɓa jin ta daga bakin wadda ka binne. Gwaggo Dije ta taɓa goshinta ta ce alamar sanyi ce, a ƙara wuta. Shi kuwa ya riƙa bin bango da tafin hannu yana neman inda iska take shigowa. Ya same ta a taga. Washegari da safe ya kwaɓa ƙasa ya hau turmi ya liƙe tagar ruf. Da can hayaƙi ne yake tilasta wa mutane barin kafa a ɗaki, to ga wuta ba hayaƙi, kafar ta mece ce? Haka ya yi tunani, kuma duk wanda ya gaya wa ya ce dabara ce.

Ciwon kan bai tafi ba, ƙaruwa ya yi. Ta fara jin jiri in ta tashi, zuciyarta tana bugawa, kunun ma in ta sha sai ya nemi dawowa. Abin mamaki, in ta fito bayan ɗaki wanka, cikin yayyafi da iska, sai ta ɗan warware har ta yi wa gwaggonta tsiya. Gwaggo ta ce ai ruwan zafin ne yake korar sanyin, da ta koma ɗaki ya sake kamo ta, ke nan akwai sauran inda yake shigowa. Sabiru ya cusa tsummoki a ƙarƙashin ƙyaure. Ya rataya tabarma ta ciki. Kowane ciwo ya ƙara, shi kuma ya ƙara toshewa, kowa a gidan yana ganin ƙoƙarinsa.

Ita kanta Gwaggo Dije, da take kwana a ɗakin, ta wayi gari da kai kamar an ɗaure shi da igiya. Ta ɗora laifin a kan warin kananzir. Ta kwashe tabarmarta ta koma ɗakin ciyawa, ta tafi da jaririn, ta ce ba za a sheƙa wa ɗan mutane warin Nasara ba, in zai sha nono ta kawo shi. Sabiru ya ji haushin maganar amma ya ƙyale ta, don da suruka ba a ja.

Ranar kwana goma sha uku da haihuwa, da hantsi, aka gama wankan safe da ƙyar. Itacen ya ƙi ci, Sabiru ya yi ta fifita har idanunsa suka yi ja. Abin da ya kwaso a kasko gawayi ne mai cin ciki, ba ja ba baƙi ba. Ya ga ba zai yi zafi ba, sai ya ninka shi, ya cika bakin gadon har waje. Ya cika tulun risho da mai, ya buga iska sosai, wutar ta tashi tana huci. Ruƙayyatu tana kwance tana kallonsa, ta rufa da zane biyu.

"Malam," in ji ta, "kai dai so kaka yi ka gasa ni kamar masara."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "In kin gasu lahiya ai shi ke nan."

"Don Allah ka ɗan bam min ƙohwag ga buɗe. Ko kaɗan. Iska nika so."

"Iskar ita ta ciwon, Ruƙayya. Ki yi haƙuri, ki samu barci. Ni za ni wurin Bawa, ya ce yana da busasshen icce cikin zaure nai."

Ta lumshe ido, mace ce mai haƙuri. Ya gyara mata zane a kafaɗa, ya fito, ya jawo ƙyaure, ya tsuguna ya tura tsummokin da yatsa har sai da ya tabbata babu kafa.

Bawa abokinsa ne tun na yarinta, gidansa yana can ƙarshen gari wajen gulbi. Ruwa ya tsare Sabiru a can, ga kuma ɗaurin itacen da sai an lulluɓe shi kafin a fito da shi. Bai dawo ba sai da aka kira azahar. Ya tarar da Gwaggo Dije a bakin ɗakin ciyawa tana jijjiga jariri.

"Tun ɗazu shika kuka," in ji ta. "Na yi kira har sau biyu ba ta amsa ba, nic ce bari in ƙyale ta, yau ta samu barci. Shiga ka tashe ta ta ba shi nono."

Tun da aka liƙe taga ɗakin ya zama duhu ko da rana, don haka ya kunna fitilar aci-balbal ya tura ƙyaure. Zafi ya bugi fuskarsa. Abin da ya fara lura da shi shiru ne, rishon ba ya huci. Ya kira sunanta. Ya tako ya durƙusa a bakin gado, sai harshen fitilar ya ƙanƙance, ya yi shuɗi, ya mutu a hannunsa ba tare da iska ta kaɗa ba. Kansa ya sara, gwiwoyinsa suka saki. Da rarrafe ya jawo ta har tsakar gida cikin ruwa, yana kiran Gwaggo da muryar da bai san yana da ita ba.

Jikinta da ɗumi. Fuskarta a sake, leɓɓanta sun yi ja kamar ta ci goro, ba ta taɓa yin kyau irin na ranar ba. Gwaggo Dije ta yi ta girgiza ta, ta yi ta zuba mata ruwa, ta kara kunne a ƙirjinta. Daga baya ta ɗago ta yi salati.

Aka kai ta kafin magariba. Abin da ya faru tsakanin azahar da lokacin Sabiru bai riƙe ba, sai abu ɗaya. Da mata suka shiga share ɗakin, wata ta fito da rishon ta ajiye a gindin bango. Ya ɗaga shi ya ji nauyi. Ya girgiza, mai yana nan fiye da rabi. Wutar ba ƙarewar mai ce ta kashe ta ba, kuma babu wanda ya shiga ya kashe ta.

A ƙasarmu magini shi ne mai yasar rijiya in rani ya yi. Tun yana saurayi mahaifinsa ya koya masa cewa ba a shiga tsohuwar rijiya sai an zura fitila da igiya. In ta kai ƙasa tana ci, a shiga. In ta mutu a hanya, to iskar ciki ta lalace, wadda ba ta da launi ba ta da wari, sai an yi ta kaɗa ganye an sauya ta. Ya taɓa ganin wanda ya yi gardama ya shiga. Da aka jawo shi, ciwon kai ya ce yana ji, da jiri, da amai, ƙafafunsa kuma sun ƙi ɗaukarsa. Sabiru ya san duk wannan kamar yadda ya san sunansa. Bai dai taɓa kawowa a ransa cewa ɗaki ma yana iya zama rijiya ba, balle wanda shi ya gina, ya liƙe, ya sa wa wuta biyu suna cin iskar da mutum ɗaya yake shaƙa.

Ya zauna a ƙasa da rishon a cinya, babu wanda ya kula, don kowa ya ɗauka baƙin ciki ne kawai.

Abin da ya fi ci masa rai a kwanakin zaman makoki shi ne yabo. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya faɗi tulin itace, ya faɗi soro, ya faɗi garwar kananzir. Matan bakin rijiya, waɗanda suka yi shekara shida suna taunar sunansa, suka ce ba a taɓa ɗumama wa mace ɗaki a Bungudu kamar yadda Sabiru ya yi ba, in kwana ya ƙare ne ko cikin wuta aka sa mutum sanyi sai ya same shi. Gwaggo Dije da kanta, idanu a kumbure, ta ce za ta shaide shi ko gaban Allah. Wankin da ya yi shekaru yana nema ga shi an yi masa tas, kowace kalma kuma kamar ana zuba masa garwashi a ciki.

Ranar sadakar uku da safe Malam Sahabi ya kira shi gefe. Ya ce 'yan'uwa sun so a tafi da jaririn Nahuce, amma shi ya hana. Akwai maƙwabciya mai goyo da take shayar da shi, a bar shi nan. Mutumin da ya yi wa uwar irin wannan hidima ba a raba shi da ɗansa. Sabiru ya yi godiya. Yaron nan shi kaɗai ne abin da ya rage masa a duniya.

Bayan an shafa fatiha an raba waina, mutane ba su gama watsewa daga zaure ba, Bawa ya matso kusa da shi. Ya yi ta murza hula kafin ya yi magana.

"Ka gahwarce ni, na san ba lokacin ta ba na. Amma matata Ma'u watanta ya tsaya, yau ko gobe, ga markag ga ba ta da niyyar ɗaukewa. Na riga na liƙe tagar ɗakinta yadda nig ga ka yi. In ba ka komi da murhun nan, ka ara min, ka zo ka gwada min yadda aka haɗa shi da garwashi."

Sabiru ya dubi abokinsa. Yana iya cewa rishon ya lalace, a wuce wurin. Amma tagar tana nan a liƙe, garwashin jiƙaƙƙen itace kuma kowane gida akwai shi, magina uku sun riga sun zo sun auna gadon da taƙi. In ya ja Bawa waje ya raɗa masa, gobe wani ne zai yi. Ya dubi Malam Sahabi, wanda yake zaune a kan buzu taku uku daga wurin yana jan carbi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a bakin rijiya mafi zurfi.

"Bawa," ya ce, da ƙarfin da duk zauren ya ji, "tahi yanzu ka hwasa tagag ga. Ba sanyi yak kashe Ruƙayya ba. Ɗakin na. Ni nil liƙe shi, ni nis sa wuta biyu, sunka cinye iskar. Ta roƙe ni in bam mata ƙohwa buɗe, nir ruhe."

Mutane suka juyo gare shi. Ya faɗi maganar fitila, ya faɗi man da ya rage a tulu, ya faɗi yadda take warwarewa in ta fito waje. Wani dattijo ya ce ya yi istigfari, ajali ba ya wuce lokacinsa. Sabiru ya ce ya sani, amma a fasa tagar.

Carbin Malam Sahabi ya tsaya. Tsohon bai yi faɗa ba, bai ma dube shi ba. Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya miƙe a hankali ya nemi takalmansa. A bakin ƙofar cikin gida ya tsaya ya ɗaga murya.

"Dije! Goyo yaron, mu tahi."

Sabiru yana zaune suka fito ta gabansa. Gwaggo Dije ta lulluɓe goyon da zane saboda ruwa, ko ƙafar yaron bai gani ba. Ya bi su da ido har suka fice. Mutane suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya ba sallama, har zauren ya rage daga shi sai Bawa.

Can Bawa ya ce, a hankali, "To kamar yaya za ni bar girman tagar?"

Sabiru ya share fuska da hannun riga. Ya tashi ya ɗauko sangwaminsa na haƙar ƙasa a bayan ƙyaure, ya ce su tafi ya ga ɗakin da idonsa.